Ranar da Kaka Ta Yi wa Jita Aski

Ni mutum ne mai mantuwa, kowa a danginmu zai ba da shaida. An taɓa aike na sayen gishiri, na dawo da labarin faɗan raguna, tukunya kuwa tana kan wuta tana jirana. Amma ko zan manta hanyar gidanmu, ko zan manta sunana na yanka, ranar da kakata ta yi wa jitar kawuna aski ba za ta fita daga kaina ba, sai dai in an sauya mini kan gaba ɗaya.

Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare. Iyayena suna Sandamu, ni kuma aka kawo ni Daura wurin kakata ta wajen uwa, a unguwarmu da ke kusa da Kusugu, wai don in yi karatu da kyau. Gaskiyar maganar ita ce mutanen Sandamu sun gaji da ni. An ce ranar da na taho har kajin gidanmu sai da suka yi walima.

Mu uku ne a gidan: ni, da Kaka, da Kawu. Kawu direban babbar mota ne, yana ɗauko dabbobi daga kasuwannin bakin iyaka. Shi ne ɗan farin Kaka, don haka ba ta kama sunansa, ba ta doguwar magana da shi, ba ta kuma yaba masa ko da zai ɗauko rijiyar Kusugu a ka ya ajiye mata a tsakar gida. In za ta yi zancensa sai ta ce "mai motar nan". Ni kuwa jika ne, abokin wasa. In ta ga dama ta ce "mijin nawa", in na ɓata mata ta ce "ja'iri", wato dai kusan kullum ja'iri nake.

Sana'ar Kaka ɗinkin hula ce, kuma tana da doka ɗaya da ba ta da ɗaukaka ƙara: zare ba ya reto a gabanta. Tana da wani tsohon almakashi da ta ɗaure da igiya a ƙugunta, ko banɗaki tare suke shiga. Baƙuwa za ta zo gaisuwa, ana "ina gajiya, ina yara", sai ka ji ƙyas, Kaka ta datse mata zaren da ya fito a hannun riga ba tare da gaisuwar ta katse ba. Akuyar maƙwabtanmu ma in ta shigo gidan, sunkuyar da kai take yi don ta ɓoye gemunta.

To a irin wannan gida ne Kawu yake ajiye jita. Ya samo ta ne a Damagaram, wurin wasu Buzaye abokansa da yake zama shan shayi da su, su ne kuma suka koya masa kaɗawa. Tsohuwa ce, jikinta duk tabo, amma in Kawu ya zauna a kan tabarma da yamma ya taɓa ta, har tantabarun kan katanga shiru suke yi. Aibinta ɗaya, kanta. Wayoyin nan shida, kowace bayan an naɗe ta a jikin kunnen da ake murɗawa, sai Kawu ya bar ragowarta, kusan kamu guda, tana reto. Wata ta lanƙwashe, wata ta miƙe, wata ta nufi gabas tana neman idon mutum. In ka hango ta daga nesa sai ka ce tsohon muzuru ne ya yi gashin baki. Sun soke ni a kunci, sun huda mini gidan sauro, sun taɓa kama kyanwar gidanmu a wutsiya ta yi mako ba ta yi mana magana ba.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, me ya sa ba a datse waɗannan?"

Ya ce, "Kar ka taɓa su."

Na ce, "To me suke yi?"

Ya ce, "Suna nan dai."

Haka Kawu yake, maganarsa kamar ana sayar masa da ita a ma'auni. Da na rasa amsa sai na ƙirƙiro tawa. Na gaya wa 'yan ajinmu cewa eriya ce, da ita jitar take kamo waƙoƙi daga Nijar, in aka yanke sai ta koma kamo tashar Katsina kawai. Wallahi akwai waɗanda suka yarda, ɗaya ma har yau bai san ƙarya ba ce.

Kawu ya daɗe yana koya mini wani kiɗa guda, mai sanyi, wanda shi kansa ya fi so. Kaka kuwa duk lokacin da muka fara sai ta ja tsaki daga ƙofar ɗakinta, ta ce, "An fara ke nan. Gidan mutunci ya koma tasha." Amma ba ta taɓa tashi daga ƙofar ba. A lokacin ban lura da wannan ba, sai daga baya.

Rannan Kawu ya dawo da labari. Ya sami tuƙin tirela zuwa Kudu, zai riƙa yin wata da watanni bai leƙo gida ba, mai tirelar kuma ya ce ba ya son kayan kiɗa a motarsa. Ya dube ni ya ce, "Akwai abokina a Babban Mutum, ya daɗe yana roƙona jitar nan. Ran Juma'a zan dawo in kwashi kayana. Bayan la'asar za ka kaɗa mini kiɗan nan daga farko har ƙarshe. In ka kai ba ka tsaya ba, taka ce. In ka tsaya, ta bi ni mota in sauke ta a can."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya tafi ya bar ni da jita, na kuwa dage. Na kaɗa har yatsuna suka yi kanta, na kaɗa har maƙwabta suka fara gaishe da Kaka da "sannu da haƙuri".

Ana gobe Juma'a, tsautsayi ya gitta. Na jingine jitar a bakin ƙofa na tafi makaranta a guje. Kaka ta fito da sabon mayafinta za ta barkar haihuwa, ɗaya daga cikin gashin bakin nan ya miƙa hannu ya cafke mayafin, ya ja zare tun daga gefe har tsakiya. Ban ga abin da ya biyo baya da idona ba, amma maƙwabciyarmu ta ce ta ji ƙyas, ƙyas har sau shida, kowane da salati a bayansa.

Na dawo na tarar da jita a kan tabarma, kanta fes, kamar jaririn da aka yi wa askin suna.

Na ce, "Kaka! Me kika yi?"

Ta ce, "Abin da ya kamata a yi tun ranar da ta shigo gidan nan. Dube ta yanzu, ta zama 'yar mutunci."

"Kawu ya ce kar a taɓa!"

"Kai ya gaya wa, ba ni ba. Ka ga abin da ta yi wa almakashina?" Ta miƙo shi, bakinsa ya yi giɓi kamar haƙorin ɗan shekara bakwai. "Wannan almakashin ya girmi uwarka. Abin da zare bai yi masa ba tun zamanin da, wannan mayyar ta yi masa a rana ɗaya."

Na ce, "To ai ke kika tsokane ta, tsohuwa."

"Tsohuwa tana gidanku na Sandamu, ja'iri. Ni amarya ce."

In faɗi gaskiya, da na ɗauki jitar na kaɗa, na ji ba abin da ya canza, sai hankalina ya kwanta. Har ma na ga ta fi kyau. Na juya ta hagu, na juya ta dama, ba abin da ya soke ni. Na ce a raina, ashe Kawu ƙazanta ce kawai take damunsa, yake fakewa da "suna nan dai". Na fara shirya jawabin da zan yi masa a kan tsafta.

Ran Juma'a, da muka sauko daga masallaci, na zauna in yi gwaji na ƙarshe. Na shiga kiɗa, na zo daidai wurin da ya fi daɗi, sai na ji tas! Waya ta uku daga ƙasa ta tsinke, can gindi, kusa da ɗan katakon da wayoyin suke hawa. Ta yi tsalle ta tsaya tana rawa a iska kamar tana yi mini gwalo. Ita ce kuwa wayar da rabin kiɗan yake kanta.

Duniya ta yi mini duhu. A iya sanina babu mai sayar da wayar jita a kusa da mu, Kawu ma sai ya shiga Kano yake sayowa. La'asar kuwa ba ta jiran kowa. Na ɗauki wayar salular Kaka na kira shi, na daidaita murya kamar mai karanta labarai.

"Kawu, barka da hanya. Wata tambaya ce ta ilimi. Misali, misali fa, in wayar jita ta tsinke a ƙasa, yaya ake yi?"

Ya ce, "Ai don haka aka bar gashin baki. Ka warware daga sama, ka jawo ta ƙasa, ka sake ɗaure ɗan zoben da ke riƙe gindinta. A daji wa zai sayar maka da sabuwa? Waya ɗaya sai ta tsinke sau uku tana aiki."

Na ce, "To misali in babu gashin bakin fa?"

Sai ya ce, "Ina ya tafi?"

Na ce, "Kawu? Kawu? Ba na jin ka, sabis ya ɗauke," na kashe.

Na juyo, Kaka tana tsaye a bayana da hula a hannu, allura a baki. Ta ji komai. Ta cire allurar a hankali ta ce, "Ashe ajiya ce."

Na ce, "Ajiya ce, kin kuma yi mata aski. Shi ke nan, jita ta tafi Babban Mutum. Ki sha kuruminki, gidanki zai koma na mutunci."

Na ɗauka za ta ce alhamdu lillahi. Sai na ga ta dubi tabarmar da Kawu yake zama, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ɗauko mini gwangwanin da ke ƙarƙashin gado."

Ashe dokar Kaka rabi na sani. Tana yanke zare, amma ba ta zubarwa. Duk guntun da almakashin nan ya taɓa datsewa yana cikin wani tsohon gwangwanin alewa, ja da kore da fari, na tabbata har da na rigar bikin uwata. A sama kuwa ga gashin bakin jita, duka shida, an naɗe su an ɗaure da baƙin zare kamar kayan lefe.

Ta zaro wadda kaurinta ya yi daidai da wadda ta tsinke, ta gwada su a yatsa, ta ce, "Ɗaure naka na ƙasa, ni zan ƙara mata tsawo."

Na ce, "Kaka, ƙarfe ne fa, ba zare ba. Kuma in aka yi ƙulli a jikin waya, yatsa zai riƙa karo da shi, sautin ma ba zai fita ba."

Ta ce, "Kai, wa ya taɓa yin ƙulli a fuskar hula? A ciki ake ɓoye shi, inda ido ba ya kaiwa. Ina ne cikin wannan abar? Ina ne ba ka taɓawa in kana hayaniyarka?"

Na dubi jitar kamar yau na fara ganin ta. Daga ƙarshen wuyanta zuwa kunnen da ake murɗawa akwai ɗan fili, wayar tana wucewa ta nan amma yatsa ba ya zuwa, kiɗa ma ba daga nan yake fita ba. Na nuna mata. Ta ce, "To ga cikin hula."

Na warware wayar, na jawo ta ƙasa, na murɗe ɗan zoben a gindinta kamar yadda Kawu ya faɗa. Kamar yadda na zata, a sama ta kasa kaiwa kunnen. Kaka ta gyara tabarau, ta lanƙwasa bakin wannan, ta lanƙwasa bakin waccan, ta saƙa su cikin juna. Wayar ta zame ta soke ta a babban yatsa. Ta tsotse jinin ta ce, "Ni za ki nuna wa taurin kai? Na yi rainon mai motar nan, ke wace ce?" Ta sake, ƙullin ya zame. A karo na gaba ta aro filaya a wurin maƙwabta ta ja ƙullin har sai da jijiyar hannunta ta fito. Ya zauna daram, ƙarami kamar ƙwayar gero.

Saura ɗaurewa. Nan ne wata sabuwar matsalar ta taso, domin ni ban iya daidaita sauti ba, kullum Kawu ne yake yi ya miƙo mini. Na fara murɗa kunnen ina rufe ido, ina jiran tas ta biyu. Na taɓa wayar, ta yi kuka kamar tsohon kwaɗo.

Kaka ta koma ƙofar ɗakinta ta ɗauki hularta, ko kallona ba ta yi. Sai na ji ta ce, "Bai kai ba."

Na ƙara murɗawa.

"Ƙara kaɗan."

Na ƙara.

"Ka wuce, ja'iri. Sassauta. Yauwa, tsaya nan."

Na kaɗa farkon kiɗan, ya fito daidai, kamar Kawu ne ya ɗaure ta. Na saki baki ina kallon ta. Na ce, "Kaka, ke da kika ce gidan ya koma tasha?"

Ta ce, "Wanda yake kwana kusa da tasha ai dole ya san kukan kowace mota. Rufe bakin kar ƙuda ya shiga."

Bayan la'asar Kawu ya yi sallama. Ya gaishe da Kaka daga nesa, ta amsa tana kallon hularta. Ya zauna a tabarma, na ɗauko jita, idonsa ya sauka a kanta. Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi almakashin da ke ƙugun Kaka. Bai tambayi kowa komai ba, don mai laifi da makaminta suna zaune a fili. Ya dai shafa kan jitar kamar mai ta'aziyya, ya ce, "Bismilla."

Na fara. Zufa tana bin bayana kamar an buɗe famfo. Na wuce farko lafiya, na wuce tsakiya lafiya. Ina gab da ƙarshe sai na ji ƙis daga sama, ƙullin ya ɗan ja jiki, sautin wayar ya sauka kaɗan. Na saci kallon Kaka. Allurarta ta tsaya cak a iska, amma babban yatsan ƙafarta yana ci gaba da buga ƙasa, yana bin kiɗan. Sai na bi yatsan nan. Ban sake kallon jita ba, ban kalli Kawu ba, yatsan Kaka na bi har na kai ƙarshe.

Kawu ya karɓi jitar, ya kai ƙullin kusa da idonsa, ya juya shi, ya gwada da farce.

Ya ce, "Ta sauka a ƙarshe. Ka ji?"

Na ce, "Na ji."

"Amma ba ka tsaya ba." Ya sake duban ƙullin. "Mutumin Babban Mutum ya fi ka iyawa nesa ba kusa ba."

Na ce a raina, shi ke nan.

"Sai dai ba shi da mai yi masa ƙulli." Ya ɗora mini ita a cinya. Sannan, yana kallon ƙasa, ya ce, "Gaya wa Inna, na yi yawo har inda mota ba ta zuwa, ban ga wanda ya yi irin wannan ba."

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, amma na juya na ce, "Kaka, wai in ji Kawu..."

Ta ce, "Na ji, ba kurma ba ce ni. Gaya wa mai motar nan ba don abar banzan nan na yi ba. Gida ne in ya cika shiru, ɓeraye raina shi suke yi." Ta soka allura, ta zare, ta ƙara da cewa, "Ka kuma gaya masa ya riƙa tuƙi a hankali."

Kawu ya ce, "To." Ya tashi ya shiga ɗaki haɗa kaya, ya daɗe a ciki fiye da yadda kayan nasa suka kai.

Shekaru sun ɗan ja yanzu, na kusa gama sakandare, jita tana nan a hannuna. In Kawu ya biyo ta Kano yakan aiko mini da sababbin wayoyi. Gardamar a yanke ko a bari kuwa mun raba ta a tsakar gida: ba a yankewa, ba a kuma bari tana reto. Duk ranar da na sa sabuwar waya sai in kai wa Kaka, ta naɗe ragowar zobe-zobe, ta cusa bakin a ciki yadda ba zai kama mayafin kowa ba. Ita ta ce kitso take yi mata. Jitata ce kaɗai a ƙasar Daura take da mai kitso. Almakashin yana nan da giɓinsa, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa ta ce aikina ne. In yamma ta yi kuma, ta ga na yi shiru, sai ta ja tsaki ta ce, "Ɗauko abar hayaniyar nan ka dame mu mu huta." Kullum kuma kiɗan nan guda take nufi, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba duk abin da ka ga yana reto ne banza ba, wani ajiyar mai shi ce don ranar da abu zai tsinke, ka tambaya kafin ka zaro almakashi. In kuwa ka riga ka yanke, to kar ka zubar. Sannan in ka ji tsohuwa ta fi kowa ƙorafi a kan wani abu, kar ka kalli bakinta, ka kalli yatsan ƙafarta.